Kabarin Mahaifina Yana Bayan Katanga

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Ci Gaban Garinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Ranka ya daɗe, ni ne Habu ɗan marigayi Malam Tanko na unguwar Rinji, ni ne na koyar da 'ya'yanku a firamare har na yi ritaya na koma gona. Sau uku ina zuwa gidanka a kan wannan magana. Sau biyu aka ce kana Bici, a na uku muka zauna a zaure ka ce in yi haƙuri. Na yi haƙurin har damina ta kusa, shi ya sa na rubuto a fili kowa ya karanta.

Na farko, taron da kuka yi.

Bayan kaka kwamitinka ya shirya taron tunawa da mutanen ƙasar nan da suka yi gwagwarmayar 'yantar da talaka. An kafa rumfa a filin makaranta, an kira sunan mahaifina a lasifika, an sa ni na miƙe aka tafa mini. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har na yi ƙwalla. Kai da kanka ka ba da labarin yadda ya ƙi fita noman gandun mai gari na tilas, aka ɗaure shi a gindin durumi aka yi masa bulala a gaban jama'a. Ba ka ƙara ba, ba ka rage ba. Ni ne nake shafa masa man kaɗe a wannan tabon duk lokacin sanyi, don haka na san bayansa fiye da yadda na san nawa.

Sai wani malami daga kwaleji ya tashi ya ba mu tarihin baƙaƙen fata na Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga ƙasashenmu. Ya ce an hana su zama a gaban mota, an ware musu makaranta, har maƙabarta ma tasu daban. Wurin ya ɗauki salati. Na ga kana girgiza kai, kana cewa wannan wane irin zalunci ne. Ina zaune a baya na ce a raina, lallai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Daga rumfar nan zuwa maƙabartarmu ko tafiyar minti biyar ba a yi.

Na biyu, katangar maƙabarta.

Kowa a garin nan ya san mene ne Rinji, sai dai ba a faɗa. Nan ne aka zaunar da kakanninmu suna yi wa masu gari noma a zamanin bauta. Bauta ta ƙare tun kafin a haifi kakata, amma sunan bai ƙare ba. Sahu ɗaya muke yi a masallaci, kasuwa ɗaya muke ci, amma in mutum ya cika, 'yan cikin gari a kan tudu ake binne su, mu kuma a gangare wajen kwari. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai wani tsohon shingen bini-da-zugu. Babu wanda ya san wanda ya dasa shi, babu kuma wanda ya taɓa tsallake shi da makara.

Da aka yi shelar aikin gayya don zagaye maƙabarta, mutanen Rinji ba mu tsaya a baya ba. Amalankenmu ne suka yi jigilar yashi, matanmu suka ɗebo ruwa. An fara ginin daga gabas, muna ta murna muna jiran ya gangaro ya zagayo mu. Da magina suka iso shingen nan sai suka karya kwana, suka bi shi tiryan-tiryan har suka rufe. Muna tsaye da shebur a hannu muka ga an bar matattunmu a waje.

Da na tambaye ka a zaure, ga abin da ka ce, ban manta ko kalma ɗaya ba: "Malam Habu, mu ba mu ware kowa ba, tsohuwar iyaka muka bi." Na yarda ba da mugunta ka faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Mutum goma sha wani abu suka zauna suka tsara aikin nan, cikinsu har da alhazai da malamai, ba a sami ko ɗaya da ya tambayi iyakar mece ce ba. Da shinge ne da akuya ke ratsawa, yanzu kun mayar da shi bulo da siminti.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni barci.

Magina sun bar kafofin ruwa a gindin katanga, duka ta ɓangaren gangare. Ruwan da a da yake bazuwa a tudu ya nutse, yanzu taruwa yake ya fito ta kafofin nan da ƙarfi, ya bi ta kan kaburburanmu ya faɗa kwari. A daminar bara kwarin ya cinye kaburbura biyu. Ni da maƙwabcina Isa muka shiga da buhu muna tsintar ƙasusuwan mahaifiyarsa a cikin yashi. Ba mu same su duka ba. Isa bai yi kuka ba, amma har yau in na gaishe shi ba ya iya kallon idona.

Kabarin mahaifina ne na gaba a layi. Kafin a yi katanga, taku goma sha biyu ne tsakaninsa da bakin kwari. Ranar Juma'ar da ta wuce na auna, saura taku huɗu. Na jera buhunan ƙasa, na dasa gamba, amma ni manomi ne, na san abin da ruwan Agusta yake yi wa buhu. Mutumin da kuka kira gwarzo a lasifika ba zai kai kaka a kabarinsa ba.

Na je wurin Malam Liman na tambaye shi ko shari'a ta yarda a tono mamaci in ruwa zai tafi da shi. Ya ce ta yarda. Na ce to a ba ni wuri a cikin katanga. Sai ya sunkuyar da kai, ya ce wannan kuma sai an zauna da manya, kada a ta da abin da ya kwanta. Ranka ya daɗe, wanda ya kwanta ai mahaifina ne, kuma ruwa ne zai tashe shi.

Saboda haka ina roƙon kwamiti abu biyu. A toshe kafofin nan a juya ruwan ta wata hanya kafin ruwan farko ya sauka, wannan aikin yini ɗaya ne, kuma mu za mu kawo hannu. Sannan a fasa katangar da ke kan shingen, a zagaye maƙabartar gaba ɗayanta, daga yau duk wanda ya rasu a binne shi inda layi ya kai, ba tare da an tambayi unguwarsu ba. In akwai wanda bai yarda ba, ya tashi bayan sallar Juma'a ya faɗi hujjarsa da bakinsa, mu ji ko daga wane littafi ya samo ta.

Ba don kaina kaɗai nake gaggawa ba. Mahaifiyata Inna Hajo tana nan da rai, ta tsufa ƙwarai, ba ta fita ko ƙofar gida. Mun ɓoye mata maganar kwari, amma jikoki suka faɗa mata. Na zauna ina lallashinta, na ce in Allah ya yarda za a ba mu wuri a ciki, ita da shi. Sai ta ce: "Habu, kada ka roƙi kowa saboda ni. In ba su shigar da shi ba, ka sa ni a gefensa, ruwan ya kwashe mu tare." Ba na so ranar ta zo ina da wannan wasiyya a wuyana.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon yin adalci, ya jiƙan iyayenka da namu, na cikin katanga da na bayanta.

Wassalam.

Naka,
Habu Tanko, Unguwar Rinji.