Faifaina a Gonar Gero

Fakuwa, daren Talata, ƙarshen damina

Yau na ga faifaina a gona. Inna ce ta rataye shi da zare a jikin kara, yana juyawa yana walƙiya don korar tsuntsaye. Faifan wasan yaƙin jiragen ruwa ne, wanda muke sawa a tsohuwar kwamfutar shagon buga takardu a Kankia, lokacin ina koyon aiki. Ban taɓa ganin teku ba, amma na san tsibiran wasan nan fiye da hanyar Tafashiya da ke kusa da ƙauyenmu. Sai in ɓoye jiragena a bayan tsibiri, in yi ta jira har abokan gaba su shigo. Wasannin waya na yanzu ba su san jira ba.

Na ce, "Inna, wannan ai nawa ne."

Ta ce, "Shekara nawa yana kwance cikin akwatinka? Yanzu dai ya samu aikin yi."

Da ɓarin jikin Baba ya shanye na dawo gida, wai wata uku zan yi. Damina ta huɗu ke nan. Jiya abokina Lawal ya kira daga Legas, ya samo mini aiki kusa da tashar jiragen ruwa, yana son amsa kafin Juma'a. To wa zai riƙa juya Baba? Wa zai yanke geron?

Na kai hannu zan kwance zaren, sai ga tsuntsaye sun sauko. Na ƙara masa ƙulli, na dawo gida. Har yanzu ban kira Lawal ba.