Burtalin da Kika Nuna Mini

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma har yau ban sami wani wurin kai kuka ba.

Inna, na ɗebo ruwan dafa kaina.

Makon jiya aka yi taron marubuta a nan Ƙafin Maiyaki. An gayyato masu rubuta littattafai daga Kano da Bebeji da Tudun Wada don a tattauna tarihin garuruwanmu, ni kuma da yake malamar Hausa ce aka ba ni aikin yi musu tambayoyi. Aka sha zancen ganuwa da tsofaffin kasuwanni da wane ya haifi wane. Can sai wani dattijon marubuci mai son zolaya ya juyo da tambayar kaina, wai a ƙauyenmu me ya fi komai tsufa. Ga lasifika a hannu, ga jama'a sun zuba ido, sai kaina ya kumbura. Na ce burtali. Na zayyana hanyar shanun nan tiryan-tiryan: daga tsamiya uku, ta bi shingen bini-da-zugu, ta gangara rafi. Ya ce a ina na samo. Na ce a bakin mahaifiyata. Aka yi mini tafi, wani kuma yana ɗauka a waya.

Ba zan ce miki na manta cewa rabin burtalin nan yau gonar masarar Baffa Sale ce ba. Ban manta ba. Daɗin baki ne ya kwashe ni.

Ke kika kai ni wurin. Muna dawowa daga roron wake kika tsayar da ni a gindin tsamiyar tsakiya, kika ce kina amarya aka dasa shingen nan. Kakana da mahaifin Arɗon yanzu suka dasa shi tare, bayan an gama kaka, shekarar da shanunsu suka kwana wata guda a gonarmu suna zuba taki. Ke kika kai musu fura, suka sha a ƙwarya ɗaya. Kika ce, “Ba a shuka a kan sawun saniya. Wanda ya toshe mata hanya, ta cikin gonarsa za ta nemi wata.” Ni a lokacin ƙayar da ta soke ni a ƙafa ce ta dame ni.

Kafin kwana biyu hoton maganata ya zaga wayoyi, ya kai har ruga. Shekaranjiya da hantsi Arɗo ya yi sallama a zaurena. Tsoho ne yanzu, da kyar yake zama. Ya ce, “Malama, mu ba mu da takarda. Waɗanda suka ga dashen shingen duk sun kwanta dama. Ke kaɗai kika faɗa a bainar jama'a.” Dagaci ya sa zama ranar Alhamis, shi ne Arɗo yake so in je in maimaita.

Baffa kuwa bai amsa gaisuwata ba. Na durƙusa har ƙasa, ya bar ni a durƙushe. Ya ce, “Hirar mata a bakin murhu ita ce tarihi? In kika taka ƙofar dagaci, ki nemi wani uban.” Kin san Baffa ba ya magana biyu. Kin kuma san shi ya tsaya mini bayan rasuwar Baba, lokacin da dangi suka ce boko ya isa haka. Alƙalamin da nake taƙama da shi, shi ya ɗora mini a hannu. A gonar nan yayyena biyu suke ci.

Ga shi an yi ruwan farko. Shanun da suka yi rani a wajen Doguwa sun kamo hanyar dawowa, mako guda ya yi yawa su iso. Bara da suka tarar da hanya a toshe, da kyar dattawa suka raba samarinmu da na ruga, kowa da gora a hannu. Bana na ji ana cewa ba gora za a ɗauka ba.

Ina jin tsoro, Inna. Kuma ki yafe mini, ina jin haushinki. Ga 'ya'yanki maza, me ya sa ni kika zaɓa kika ɗora wa? Ko da yake na san amsar. Su in kina magana sai su ce sauri suke yi, ni ce mai zama in yi ta tambaya har ki ce na cika surutu kamar kanari.

Na yi ta neman mafita. Na ce ko in ce ƙagawa na yi, ai marubuta sun saba. Da haka Baffa zai huce, kowa ya yi dariya a wuce wurin. Amma in na faɗi haka, ke na mayar maƙaryaciya, kina kwance ba ki da bakin kare kanki. In kuma aka zubar da jinin ɗan wani a gindin tsamiyar nan, ban san da wane ido zan dubi uwarsa ba.

Don haka zan je. Ba zan ce Baffa ya ci iyaka ba, wannan ba nawa ba ne. Abin da kika gani kawai zan faɗa. An ce mini dagaci ba ya karɓar “an ce”, sai an ambaci mai maganar da sunanta da na mahaifinta. Tun da na yi wayo ban taɓa kiran sunanki da bakina ba. Ranar Alhamis zan kira shi a gaban maza, Baffa yana zaune yana ji. Ki gafarce ni a kan wannan rashin kunyar.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya sanyaya zuciyar Baffa, ko ba bana ba. Ya sa shanun nan su wuce lafiya, kowa ya koma gidansa da ƙafarsa. Ni kuma Ya hana muryata rawa.

'Yarki,
Hadiza