Gwiwar Hagu da Babi na Uku

Litinin, 3 ga Maris

Malama mai duba bincikena ta dawo mini da babi na uku, jan biro ko'ina. Aikin nawa kan 'yan rawa ne, me suke zama bayan sun bar dandamali. Duk waɗanda na yi hira da su abu ɗaya suka ce: gajiya ce kawai, su suka ga damar bari. Ta cire tabarau ta ce, "Ke ma 'yar rawa ce. Kin yarda babu ko mutum ɗaya da jikinsa ya tsayar da shi?" Na ce haka suka faɗa. Ta ce in koma, in daina tambayarsu dalili, in ce su ba ni labarin ranarsu ta ƙarshe a dandamali.

Na fito. A matakala na riƙe ƙarfen gefe saboda gwiwa.

Laraba, 5 ga Maris

Gwiwar hagu ta sake kumbura. Ƙanƙara, bandeji, dogon wando a kai. A ƙungiyarmu ba a cewa ciwo. Ka faɗa yau, gobe kana layin baya, jibi an manta sunanka. Mai koyar da mu, wanda muke kira A-Sake don ba shi da wata magana sai ita, ya tambaye ni me ya sa nake sauka a ƙafar dama. Na ce takalmi ne.

Juma'a, 7 ga Maris

Ban taɓa babin ba. Ko buɗe kwamfutar ba na so.

Asabar, 8 ga Maris

Yaya ya gan ni ina ɗingishi zuwa kicin. "Ƙanwata, tsufa ne ya zo da wuri?" Na jefe shi da matashi. Ya yi dariya, amma ya daɗe yana kallon ƙafar. Na roƙe shi kada Umma ta ji.

Gaskiyar da ba zan faɗa wa Malama ba: na san ƙarya 'yan rawar suka yi mini. Ina rubuta "gajiya" ina jin daɗi, don in dai gajiya ce ke korar mutum, to ni ban gaji ba.

Talata, 11 ga Maris

Na kira Walƙiya, ɗaya daga cikin waɗanda na yi hira da su. Ita ce tauraruwar ƙungiyar kafin in shiga, hotonta na nan a bangon zauren rawarmu tana sama kamar ba za ta sauko ba. Yanzu tuƙi take koyarwa. Ta ce in same ta jibi, tsakanin ɗalibi da ɗalibi. Har addu'a na yi kada ta ɗauki wayar. Kunya ta kama ni da kaina.

Alhamis, 13 ga Maris

A motar koyarwarta muka yi hirar, mai birki a gefe biyu, a bayan filin da suke jera mazugan roba don koyon tuƙi. Na yi tambayar yadda Malama ta ce.

Sai ta ce ranar ƙarshe ba ta ji kiɗan ba sam, lissafin sauka kawai take yi, nawa ya rage. Bayan tafi ta zauna a bayan labule, ta kasa tashi, ta ce wa kowa igiyar takalmi take gyarawa har zauren ya watse. Mai shara ne ya kama ta zuwa ƙofa. Ta daɗe tana ɓoye ciwon kafin nan, likita ya ce da ta zo da wuri hutu ne kawai, ba wuƙar tiyata ba.

Na ce, "Anti, wancan karon kin ce mini gajiya ce."

Ta ce, "Ai abin da muke cewa ke nan. Ke me kike cewa?"

Ba ta matsa ba. Ta ba ni labarin wani ɗalibinta, dattijo, da yake yi wa sitiyari sallama kafin ya taɓa shi, ta yi dariya har da hawaye. Abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ba a wulaƙance take ba, ba kuma cikin baƙin ciki ba. Tana rayuwa ne kawai, babu rawa. Ashe ana iyawa. Ni ba na so in iya.

Lahadi, 16 ga Maris

Na koma wajen wasu biyu da sabuwar tambayar. Ɗaya ƙugu, ɗaya idon sawu. Babin ya juye gaba ɗaya, yanzu kan ɓoye ciwo yake. Ina buga maganarsu, ƙanƙara na narkewa a kan zanin gado.

Saura kaɗan babban wasanmu, kuma ni ce a gaba. In na faɗa, shi ke nan. In ban faɗa ba... Allah, ina tsoro. Ina tsoro ƙwarai.

Talata, 18 ga Maris

Malama ta karanta sabon babin. Ta ce yanzu ne ya zama bincike. Ta tambaya ko lafiya, wai na rame. Na ce karatu ne.

Alhamis, 20 ga Maris

Ba wani abu. Yau ban ɗaura bandeji ba, zafi ake yi. A-Sake ya ga kumburin, ya tambaya, na faɗa. Bai yi faɗa ba, ya dai shafa kansa ya kira wata sabuwar yarinya mai dogon wuya ta tsaya a wurina.

Na zauna a benci. Juyin ƙarshe yana ba ta wahala, tana sauka da wuri, na kasa haƙuri na ce mata ta jira ganga ta biyu. Ta jira. Ya fita tsaf. Ban san lokacin da na tafa ba, ni kaɗai na tafa a zauren, duk suka juyo suna kallona.

Gobe za a ɗauki hoton gwiwar. Tsoron na nan, bai ragu ba. Na ce wa Yaya ya kai ni, in Umma tana so ita ma ta zo.