Ragowar Sabulu a Ɗakin Jarirai

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Ubangiji. Inna ta samu sauƙin gwiwar nan, har tana dogara sanda ta fito bakin ƙofa ta zauna tana yi wa masu wucewa tambayoyin da ba su shirya musu ba. Likita ya ce ta rage gishiri, ita kuma ta ce shi ya kamata ya rage surutu. Baban yara yana nan yadda kika san shi, tun da ya bar aiki ya mayar da bayan gida lambu, kullum yana faɗa da awakin maƙwabta.

Kin san ni da waya, in na ɗauka sai gaisuwa ta cinye maganar. Shi ya sa na zauna na rubuta, domin akwai abin da na riƙe shekara goma sha tara ban gaya miki ba, kuma ya shafi 'yarki ta fari, wadda har yau muke tsokana da 'Yar Kwalba. Kada gabanki ya faɗi, tsohon zance ne, sai dai hakkinki ne ki sani, kuma gafararki nake nema a kansa. Amma bari in fara da rasuwar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Allah ya yi wa Babbar Sista rasuwa ranar Talatar da ta wuce, bayan jinya ta wata biyu. Za ki tuna ta, doguwar matar nan mai tabarau da ke tsare ki a ƙofar ɗakin jarirai ta duba farcenki kafin ta bar ki shiga wurin 'yarki. Ita ce shugabar masu kula da hana yaɗuwar cuta a asibitinmu, kuma a hannunta na koyi aikin jinya tun ina sabuwa. A bayan idonta Uwar Sabulu muke ce mata. Ta san da sunan sarai, har ta taɓa ce mana ya fi mata a kira ta Uwar Ƙazanta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ranar jana'izarta na ga masu shara da masu wankin zannuwan gado sun cika gidan, sun fi likitoci yawa, domin ita ce ta fara sa su zauna a kujera ɗaya da mu a wurin koyarwa, tana cewa mai goge ƙasa ya fi mai allura sanin inda cuta take kwana.

Mace ce da ba ta ɗaga murya, amma in ta tsaya a bayanka sai ka ji hannunka ya nufi famfo da kansa. Abin yankan farce a jikin makullanta yake, ba ta rabuwa da shi. Akwai ranar da babban likitan tiyata ya shigo zagaye da agogo a hannu da rigarsa har wuyan hannu, ɗalibai na biye da shi. Ta tare shi a hankali, ta roƙe shi ya cire agogon ya naɗe hannun riga. Ya ce shekara talatin yana aiki ba wanda ya taɓa koya masa wanke hannu. Ta ce ta sani ranka ya daɗe, ƙwayoyin cutar ne ba a sanar da su ba. Ya yi dariya, ya cire, ita kuma ta riƙe masa agogon har ya gama zagaye. Wata rana kuma ta shafa garin shuni a marikin ƙofar ɗakin taro ba tare da ta gaya wa kowa ba. Kafin ta gama bayani duk mun yi shuɗi, wannan a hanci, waccan a mayafi, ni a gefen ido. Ta ce to mu duba, haka abin yake tafiya, bambancin kawai shi ba shi da launi. Mu da muka yi karatun allo kuwa da alwala take kama mu, ta ce wadda ta san ba a barin lam'a, wato wurin da ruwa bai taɓa ba, a gwiwar hannu ba ta da hujjar barin tsakanin yatsu a bushe.

To Auta, ga maganar. Lokacin da kika haifi 'yarki bakwaini aka sa ta a kwalba, kin san a ɗakin nake aiki, kuma ni ke kula da robobin sabulun ruwa da ke kan wuraren wanke hannu guda uku. Ƙa'idar ita ce in roba ta kusa ƙarewa a zubar da ragowar, a wanke ta, a kife ta bushe sarai, sannan a zuba sabo. Ni kuwa zubar da ragowar nan yana yi mini nauyi. Kin san yadda aka tashe mu, ko ruwan alwala mahaifinmu Malam ba ya bari mu yi ɓarnarsa. Sai na riƙa ɗiga ɗan ruwan famfo in girgiza ragowar, in ƙara sabo a kai. A raina tattali nake yi, har ina ganin lada nake samu. Ban san cewa a ƙasan robar nan, cikin ragowar da aka tsinka da ruwa, ƙwayoyin cuta suke hayayyafa ba. Duk wanda ya wanke hannu don ya taɓa jariri, da su yake tashi.

Cikin mako guda jarirai huɗu suka kama zazzaɓi, suka daina karɓar nono, 'yarki ce ta fi jin jiki. Babbar Sista ta sa aka goga auduga a jikin kwalaben jarirai da bakin famfo da robobin ƙarin ruwa aka kai ɗakin gwaji, ba a samu komai ba. Sai ta ɗauko kujera ta zauna a lungun ɗakin da safe, kwana biyu a jere, kallo kawai take yi. A safiya ta biyu na zo na yi girgizata a gabanta, hankalina kwance, domin ban san laifi nake yi ba. Ta tashi ta karɓi robar daga hannuna, ta yi mini sannu da aiki, ta fita da ita. Bayan kwana biyu ta kira ni ofishinta ta ajiye takardar gwaji a gabana. Irin ƙwayar da ke jinin yaran ita ce a cikin sabulun.

Na ce mata in bar aikin kawai. Ta ce in na tafi wata za ta zo ta yi girgizar, tunda ba wanda ya taɓa rubuta ƙa'idar ya manna a bango, kuma wannan sakacinta ne ita. A rahoton da ta kai sama ba ta sa sunana ba. Hukuncin da ta yi mini shi ne in bi asibitin ɗaki ɗaki ina koya wa mutane wanke roba, kuma har yau ni ke yi. Allah cikin ikonsa yaran huɗu duk suka tashi. Abu ɗaya ta ce ba za ta ɗauke mini ba, shi ne in gaya miki da bakina. Na ce zan yi.

Ban yi ba, Auta. Ina tsaye a wurin lokacin da surukarki ta ce ai daga hannun uwa ne, wai ba ki iya tsafta ba. Ina gani kina wanke hannu har fatarki ta tsage, kina kuka kina tambayata ko nononki ne bai karɓe ta ba. Na ce miki a'a, ƙaddara ce, na yi shiru a nan. Gaskiya ne ƙaddara ce, amma na san ta hannun wa ta biyo. Na ce bari yarinya ta warke tukuna. Da ta warke na ce bari ki huta. Sai aka yi wa maigidanki canjin wurin aiki kuka yi nisa, ni kuma na samu inda zan ɓuya. Ko zuwanki na ƙarshe, da kika ce har yau ba kya iya ɗaukar jaririn wani sai kin ji tsoro, maganar ta zo mini har baki, na mayar da ita.

Mako biyu kafin ta rasu na je duba Babbar Sista a gida. Ta rame ƙwarai, amma da na miƙa mata hannu sai ta juya shi tana duba farcena, 'ya'yanta suna ta dariya. Ta tambayi Inna, ta tambayi bakwainin nan tamu. Na ce ta zama budurwa, ta fi ubanta tsawo. Ta yi murmushi, sannan ta tambaye ni ko na gaya miki. Shekara goma sha tara, ban ɗauka tana tune ba. Na ce mata ban gaya miki ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ita dai ta koya mini wanke roba, sauran wankin nawa ne, kuma kada in bari sai kin ga bayana ko na ga bayanki. Na yi mata alkawari a karo na biyu, ga shi ina cikawa, ko da yake ba ta jira ta ji ba.

Ki yafe mini, don Allah. Kuskuren sabulun na rashin sani ne, na roƙi Allah gafara a kansa tun tuni. Shirun kuwa da sanina na yi, kuma ke ya cuta, don haka ke kaɗai za ki iya ɗauke mini shi. In ranki ya ɓaci ki ɗauki lokacinki, ba zan ga laifinki ba, kuma kada ki ji nauyina don ina yayarki. In kin ga dama ki karanta wa maigidanki da yarinyar, in kin ga dama ki bar shi tsakaninmu. Surukarki ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, da tana raye da na je na gaya mata da kaina. Ni dai tun da na fara rubutun nan nake jin ƙirjina sakayau, kamar na sauke tulu daga kai.

Inna tana gaishe ki, ta ce ki daina aiko mata maganin shafawa, ki zo da kanki. Baban yara yana gaida maigidanki. Gwaggo da Kawu da 'yan'uwa na nan duk suna miƙo gaisuwa, haka ma yarana. Ki gaishe mini da samarinki biyu, ki ce su rage ƙwallo su riƙe karatu. 'Yar Kwalba kuwa ki rungume mini ita sosai, ko da sai kin yi ɗage.

Watan gobe 'yar wajena za ta sauka in Allah ya yarda. Ina so ki zo, ina so ke ce za ki fara karɓar jaririn daga hannuna. Hannunki bai taɓa cutar da kowa ba, Auta, tun ranar farko tsaf yake.

Wassalam.

Taki har kullum,
Yayarki