Tsakuwar gwiwarki, Inna

Assalamu alaikum Inna, gaisuwa mai yawa da ladabi daga 'yarki Hadiza.

Bayan gaisuwa, na zo ne in ba ki gaskiyarki, ko da yake na makara ƙwarai.

Duk Zangon Damagaram an san ki da iya rege. Geron da ya bi ta ƙwaryarki, ba mai tauna tsakuwa a tuwonsa. Shi ya sa idan gwiwarki ta kumbura ta ɗau zafi sai ki ce, "Tsakuwa ce a ciki, da gwiwa ƙwarya ce da tuni na rege ta." Mu kuwa sai dariya. Wanzami ya yi miki ƙaho, kika shafa man shanu da kanwa, duk a banza. Sai ciwon ya yi sati biyu, ya tafi don kansa.

Shekarar da Faransawa suka miƙa mulki na haifi ɗan farina a Gidimuni. Kullum kunnena na kan motar Damagaram, ina jiran ki zo ki yi mini wankan jego. Ba ki zo ba, kika aiko da yaji da saƙon cewa gwiwa ce ta hana ki. Da na zo gida bayan arba'in, na tarar da ke tsaye kina daka, garau. A raina na ce ƙarya kika yi. Haka na riƙe ki har kika koma ga Allah.

To Inna, yau ga ni da gwiwa kamar tulu. Lokotoro, wato likita, ya zuƙe ruwan cikinta da allura, ya duba a madubinsa, ya ce wasu 'yan ƙwayoyi ne farare masu kama da garin alli suke taruwa a gaɓa. In sun motsa ta kumbura, in sun lafa ka miƙe kamar ba kai ba. Ya yi mini allura, ya ba ni maganin kumburi, ya ce in ɗora ƙanƙara in huta. Na ce ya rege mini su mana. Ya ce wannan kam ba a kai ga iyawa ba tukuna.

Jikata Mariyama ta haihu ranar Talata. Ban iya zuwa ba, yaji na aika.

Ki yafe mini, uwata, ashe da gaske tsakuwa ce. Allah ya haskaka kabarinki, ya haɗa mu a inda gwiwa ba ta ciwo.

'Yarki mai kewarki,
Hadiza