Kafaɗar Benedita

Zuwa ga ƙanena Birijmohan,

Gaisuwa mai yawa daga Banaras. Ina roƙon Baba Bishwanat, ubangijin garinmu, ya ƙara maka lafiya, kai da matarka Sarla, ya sa wa shagonku na Lisbon albarka. Mu nan damina ta yi ƙarfi, kogin Ganga ya cika ya haɗiye matakala, birai kuma sun addabe mu a kan soro kamar kullum. Ɗanka Anirud yana Bangalor wajen aiki, ya bar mana matarsa Benedita. Maganarta da ta Innarmu ce ta sa na ɗauki alƙalami, don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance.

Ka san ban yi murna da zuwan Baturiya gidanmu ba, amma yarinyar ta yi ƙoƙari. Ta daina shiga madafi da takalmi, ta haƙura da ƙwai da albasa, ta iya raɓewa ta bar wa saniya hanya a lungu. Gurasarta ce dai har yau ko kare sai ya yi tunani. Inna ta saba da ita har ba ta karɓar magani sai daga hannunta.

Makon jiya tana dawowa daga kasuwa ta haɗu da masu kai gawa maƙona, inda ake ƙona mamata a bakin kogi. Talakawa ne, su huɗu kacal, ga ruwa ana tsugawa. Na gaba, wani dattijo, santsi ya kwashe shi, makara ta karkace. Ni da ke da hankali da na matsa gefe. Ita kuwa sai ta yar da jaka ta sa kafaɗa a ƙarƙashin goran, ta riƙe har dattijon ya miƙe, ta ma taka da su har kwanar lungu. Mace, Birijmohan, da addininmu ya hana ɗaukar makara, kuma gawar da ba a san asalinta ba. Daga nan ta shigo gida ba wanka, ta ɗauki butar tagullar Inna ta ruwan Ganga, ta ba ta magani. Ba ta faɗa ba, don ba ta san akwai abin faɗa ba.

Urmila mai sayar da furanni ce ta kawo labarin, har da ƙarin gishiri. Wai ita dai ba ruwanta, amma tun da aka kafa unguwar nan ba a taɓa ganin surukar gidan Birahmin, zuriyar malaman addini, ta zama 'yar dakon gawa ba, ko za mu buɗe mata ofis ne a bakin maƙona. Inna ta ji komai daga kan gadonta. Ta juya fuska bango, ta ce ita ta gama cin abincin gidan nan.

Ka san jikinta, ka san ciwon sukarinta. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Na wanke madafi, na sa toka na goge butar. Malaminmu Pandit Gokul ya zo ya yayyafa ruwa, ya ce yarinya ta yi wanka a gida ya wadatar. Inna ta ce masa ya je ya koya wa jikokinsa, ita ta girmi karatunsa. Laɓɓanta suka bushe, likita ya ce in aka ci gaba haka sai babban asibiti a wajen gari. Inna ta ce wanda ya fitar da ita daga Banaras tana numfashi ba ta yafe ba, don a nan take son ta cika. Tsoro ya kama ni sosai.

Na sauke fushina a kan Benedita, na ce ta je ta taɓa ƙafar Inna ta ce ta yi kuskure. Ta ce mini, Gwaggo, buta kam ta yi laifi, amma ba za ta ce ta yi nadamar tare gawar uwar wani daga faɗawa kwata ba. Taurin kanta irin naka ne sak.

Shekaranjiya da safe na neme ta na rasa, sai na hango ta ta nufi kogi da butar Inna, ashe wankan tsarki za ta yi. Yarinyar da ko a brushi ba ta yarda da ruwan garin nan, ga ambaliya, 'yan kwalekwale ma sun ɗaure jiragensu. Na bi ta ina haki. Ta kama sarƙar bakin ruwa ta nutse da kayanta, ruwa ya fizge ƙafafunta, na ga tafin hannunta kawai a kan sarƙa. Wani mai jirgi ne ya cafko ta yana zaginmu mu duka, wai in mutuwa muke nema mu bi layi.

A jiƙe ta shiga ɗakin Inna, tana karkarwa, ta miƙa mata butar cike da ruwan Ganga. Inna ta daɗe tana kallonta, sannan ta sha. Ta ci faten shinkafa loma biyu. Har yanzu ba ta iya zama sai an tallafe ta, kuma likita bai saki fuska ba. Benedita ma zazzaɓi ya kwantar da ita.

Jiya Inna ta kira ni ta ce in rubuta maka da bakinta. Wai ɗanta yana Lisbon, jikanta yana Bangalor, amma yanzu ta san in ranarta ta zo akwai kafaɗa ɗaya a gidan nan, sai ka faɗa mata inda za a samo sauran ukun. Ban ƙara ko kalma ba. Ka nemi jirgin sama, Birijmohan.

Ka gaida Sarla da 'yarka Minakshi da mijinta. Ka gaida iyayen Benedita, amma kada ka ba su labarin kogi tukuna. Kawu Dinanat yana gaishe ka.

Yayarka,
Kusumlata