Na Ce Mata Gado Ne Daga Gidansu

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A sakaya sunana, kuma don Allah kar ku zage ni, wanda nike wa kaina ya isa.

Ni manomin shinkafa ne a Birnin Kebbi, aji huɗu na tsaya. Ina da ɗiya mai shekara takwas, har yau maganarta ba ta fita daidai. Tana jin kukan jaki, tana jin mota tun daga titi, amma ka ce ta ɗauko buta sai ta tsaya kallon bakinka. Na sha dukanta, wai taurin kai. Tun tana goye kunnuwanta ke zubar da ruwa, uwarta ta yi ta roƙo mu tahi asibiti, ni ko ina fadamar Zauro, tsuntsaye na cinye mini shinkafa. Nac ce a ɗiga mata man gyaɗa da ruwan albasa, ai haka munka taso. Shekara uku ana ɗigawa. Sai bara na kai ta Sakkwato ni kaɗai. Likita yac ce kunnen ya warke, amma tun yaro na ƙarami ƙwaƙwalwa ke koyon rarrabe sautin magana, ita ko lokacin ya same ta kunne a toshe, shi ya sa magana ke zo mata a cakuɗe kamar hayaniyar kasuwa. Ya dube ni yac ce, "Malam, ina ka tsaya duk shekarun nan?"

Ina shiga gida uwarta ta tare ni, "Malam, mi yac ce?" Wallahi ban shirya ba, sai na ji bakina ya ce, "Gado ne, daga wajenku." Don tana da kawu kurma a Argungu. Ta zauna ƙasa tac ce, "Ka yahe mini, na ɓata maka zuri'a." Ni kuma na gyaɗa kai. Wane irin namiji ne wanga?

To magana ta hita. Ƙanen matata na neman aure a Argungu, dangin yarinyar da yake nema sun dakatar da baiko, wai gidansu kurame ake haihuwa. Surukina ya aiko, ran Litinin zai zo mu koma wurin likitan tare, ya ji da kansa. In na faɗi gaskiya, da wane ido zan dubi matar da ta shekara tana neman gafarata? In na ƙi zuwa, na kashe auren wanda bai mini komai ba.

Saura kwana huɗu. Jama'a, me zan yi?